Giyar ƙaramin keke ta rikice: a miƙe kunne, a sauya macanji, ko a rabu da shi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kekuna suka dawo titunan Katsina, kuma cikinsu har da wani iri da a da sai jefi-jefi ake gani: ƙananan kekunan gwanjo masu ƙafa inci 20 ko 16, waɗanda akasarinsu ake ninkewa biyu a jefa a but ɗin mota ko a shiga da su ɗaki. Ɗalibai masu bin hanyar Dutsin-ma zuwa makaranta suna son su, haka ma'aikata, haka iyayen da ke saya wa yara na zuwa Islamiyya. Kukan masu su kuwa kusan ɗaya ne: giya ta ƙi zama. Ka sa ta uku ta tsallaka ta huɗu, ko sarƙa ta yi ta ƙara tana neman hawa faifan haƙoran da ke biye ba ta hau ba, ko kuma wata rana ana cikin tafiya a ji ƙaras, macanji, wato ƙarfen da ke sauya wa sarƙa giya, ya shige cikin wayoyin ƙafa.

Abin da ya fi faruwa a rumfar mai gyara ɗayan biyu ne. Ko dai ya ɗauki sukundireba ya hau murɗa 'yan notocin nan biyu da ke bayan macanji har ƙarar ta ɗan lafa, ko ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan giyar ta gama aiki, sai dai sabuwa." Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa kuɗi kan tafi matsala tana nan, don an rataya sabon macanji a wurin da ya riga ya karkace. Hanyoyin da ke gaban mai keke huɗu ne: a miƙe kunnen da macanjin ke rataye a jikinsa, a sauya kunnen, a sauya macanjin baki ɗaya, ko a rabu da giyar waje a koma wa tsarin da ba ya ratayowa ƙasa. Kowace tana da inda ta dace, kuma ba za ka san taka ba sai ka gano ainihin abin da ya lanƙwashe.

Macanjin giya na baya shi ne ƙarfen nan mai gwiwa da ke rataye ƙarƙashin faya-fayan haƙora, mai tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan. Yana da wutsiya ɗauke da 'yan tayoyi biyu, ta sama tana yi wa sarƙa jagora, ta ƙasa tana janta don kada ta saki. An ɗaure shi ne a jikin wani ɗan kunne da ya leƙo ƙasa daga tsagar da shaf ɗin ƙafar baya ke shiga. Duk lissafin giya a kan abu guda ya rataya: fuskar kunnen nan ta yi daidai da fuskar faya-fayan, kada ta sunkuya ciki, kada ta murɗe gefe. Tazarar da ke tsakanin faifai da faifai milimita 5 ce kacal a keke mai giya 7, 4.8 a mai 8, wajen 4.3 a mai 9. Kowane ƙas da libar hannu ta yi, gwargwadon wannan tazara take matsar da macanji, ba ruwanta da ko kunne ya karkace. Kamar ƙyaure ne da aka kafa a karkataccen bango, duk yadda ka gyara sakata ba za ta faɗa raminta ba.

Me ya sa abin ya fi kama ƙaramar ƙafa

Dubi gefen tayarka za ka ga lamba irin 47-406 ko 20 x 1.75. Wannan 406 faɗin da'irar rim ne a milimita, daga wannan baki zuwa wancan, na manyan kekunan giya kuwa 559 ne ko 622. Wato shaf ɗin keke mai inci 20 yana wajen santimita 25 daga ƙasa, na babban keke ya kai 33 zuwa 35. Macanjin kuma girmansa ɗaya, don masu haɗa kekunan arha sukan ɗaura wa ƙaramin keke irin wanda aka ƙera wa babba, mai doguwar wutsiya. Sai ka tarar idan sarƙa tana kan manyan faya-fayai 'yar tayar ƙasa ta sauko, 'yan yatsu kaɗan suka rage ta shafi ƙasa. Dutsen da babban keke zai gifta lafiya a lungunan cikin gari, ko bakin kwata, ko dokin ƙofar zaure, shi ƙaramin sai ya sha bugu. Ga yashi, wanda a nan ba baƙo ba ne, sarƙa tana kwasarsa tana kai wa 'yan tayoyin. Ga kuma ninkewar kanta. Da yawa cikin kekunan da ke karyewa a tsaka suna barin ɓangaren sarƙa a waje, to idan aka kwantar da keke a but ta wannan ɓari, aka ɗora mashi buhu, aka kama hanyar Mashi zuwa Daura, kafin a isa kunne ya sunkuya ba tare da keken ya taɓa faɗuwa ba.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗin ido. A yawancin ƙananan kekuna tazarar da ke tsakanin faifan gaba, wato na wurin feda, da ƙafar baya ta fi ta babban keke gajarta, faifan gaban kuma babba ne, mai haƙora 48 ko 52, guda ɗaya tilo. Saboda haka idan sarƙa ta je faifai na can ciki ko na can waje takan tafi a karkace sosai, ta ja wutsiyar macanji gefe. Wanda ya tsuguna a baya ya leƙa zai rantse wutsiyar ta lanƙwashe alhali lafiyarta lau. Na sha ganin an kama lafiyayyar wutsiya da filaya an murɗe saboda wannan, aka yi gyaran gangar Auzinawa.

Kafin a zargi kunne

Abubuwa uku suna kwaikwayon karkatar kunne, kuma duba su ba ya cin ko kwabo. Na farko zaman ƙafa. Tsayar da keke a ƙasa, sassauta notocin shaf, danna sirdi don shaf ya zauna har ƙarshen tsagarsa ta kowane gefe, ka sake ɗaurewa. Ƙafar da aka mayar a gurguje bayan faci takan zauna a karkace, faya-fayan su karkace tare da ita. Ka juya ƙafar ka duba: idan faya-fayan suna rawa sosai, ko shaf yana lilo idan ka murza shi da yatsu, to shaf ne ya lanƙwashe, abin da ya zama ruwan dare a ƙafafun da ake ɗaura wa firiwil na murɗawa, wato tarin faya-fayan da ake murɗawa a jikin ƙafa kamar noti.

Na biyu wayar giya, kuma a keke mai ninkewa ita na fi fara tuhuma. Wayar giyarsa doguwa ce, tana bi ta maƙogwaron hannu mai karyewa, ta bi ta gaɓar tsaka, kullum aka ninke sai rigarta ta tanƙware a wuri ɗaya. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da tsohon giris ta zama taɓo. Alamarta a bayyane take: hawa zuwa manyan faya-fayai yana yiwuwa, don hannunka ne ke ja da ƙarfi, amma saukowa zuwa ƙanana sai ya yi nawa, don a nan sifirin ɗin macanji kaɗai ke ja. Kwance notin da ya danne waya, riƙe bakinta da yatsu, ka motsa liba. Idan ka ji tana tafiya da turjiya, ka sami mai laifi. Idan kuma juya hannun keke dama ko hagu yana sa giya ta sauya da kanta, rigar wayar ta yi gajarta ko ta maƙale a wani wuri.

Na uku sarƙa. Sabuwar sarƙa cikakkiyar gaɓa 12 (ta ciki da ta waje a haɗe su ne gaɓa ɗaya) inci 12 ne cif. Idan ka aza rula ka ga ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta miƙe, lokacin sauyawa ya yi. Tsallen tsohuwar sarƙa daban yake: a kan faifai ɗaya take zamewa gaba idan ka taka feda da ƙarfi, ba gefe take nema ba. Idan kuma daga faifan gaba sarƙa ke faɗowa, wannan karkatar layin sarƙa ce da na ambata, maganinta garkuwa a gefen faifan, ba taɓa macanji ba.

To yaya karkataccen kunne ke nuna kansa? Ka saita giya da ɗan notin da ake murɗawa da yatsu a inda waya ke shiga macanji, ta yi shiru a ƙananan faya-fayai, da ka hau manya sai ƙara ta dawo. Ka saita a manya, ƙanana su rikice. Duk inda ka gyara, ɗaya gefen ya ɓaci. Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, musamman idan abin ya fara ne rana ɗaya bayan faɗuwa ko tafiya a mota, kuma akwai sabon ƙarci a bayan macanji. Lalacewar waya a hankali take zuwa, karkatar kunne farat ɗaya.

Ido, ƙafar aro, ko ma'auni

Duba da ido shi ne mafi sauƙi, kuma yana da amfaninsa. Sa sarƙa a faifan tsakiya, inda take tafiya a miƙe, tsuguna daidai bayan ƙafa, ka duba ko faifan da 'yan tayoyin biyu sun jeru a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Idan 'yar tayar ƙasa ta kutsa wajen taya ƙarara, ka daina hawa keken har sai an gyara, don abin da ya rage shi ne ta kama wayoyin ƙafa. Amma iyakar ido ke nan. Yana ganin babbar karkata, ba ya ganin ƙarama, ba ya ganin murɗewar da ta juyar da kunne gaba ko baya, kuma ba zai iya gaya maka ko kunne ne ya karkace ko wutsiya ba, tunda tare kake ganinsu. A keke mai giya 6, inda tazarar ke da faɗi, ido kan wadatar wani lokaci. Daga giya 8 zuwa sama ba na yarda da shi.

Sauran hanyoyin biyu duk suna farawa da cire macanji da alanki mai lamba 5, a bar kunne tsirara, ƙafar baya kuma tana ɗaure tam a wurinta. Ramin kunne yana da tiredin milimita 10 mai taku 1, kuma shaf ɗin ƙafar baya irin mai rami a tsaka, wanda ake ɗaurewa da liba maimakon noti, yawanci tiredinsa ke nan. Shi ya sa tsofaffin makanikai ke aro wata ƙafar baya su murɗa shaf ɗinta cikin ramin kunne har ya zauna, sai ga ƙafa biyu gefe da gefe. Idan kunne daidai yake, tazarar rim da rim ɗaya za ta kasance a sama da ƙasa da baya. Dabara ce mai kyau, ba ta cin kuɗi, kuma ƙafar aron kanta tana zama hannun da za a miƙe kunnen da shi. Sai dai tana da tarko biyu ga ƙaramin keke. Idan ƙafar aron babba ce, rim ɗinta ba zai fuskanci naka ba, awon sai ya koma kintace. Idan kuma ka ce bari in ɗauko ƙafa inci 20 ta keken yara, yawancin waɗannan shaf ɗinsu na noti ne, mai kauri kashi 3 cikin 8 na inci, tiredinsa daban. Zai fara shiga kamar ya dace, daga baya ya cinye tiredin kunne. Duk shaf ɗin da bai shiga da yatsu kawai ba, kada a sa mashi sufana.

Ma'aunin kunne kuwa doguwar sanda ce mai noti a kai wanda ke shiga ramin kunne, da wani ɗan tsinke mai zamewa da ake kai wa bakin rim. Kamfanin Park Tool na Amurka yana cikin waɗanda aka fi sani da ƙera shi. Ba kowace rumfa ce ke da shi ba, amma mai walda mai hankali zai iya haɗa makamancinsa da guntun bututu mai kusurwa huɗu da notin tsohon macanji, muddin ramin bai yi yawa ba, don sandar da ke lilo a kan notinta ƙarya za ta yi ta faɗa. Ana kai tsinken ya kusa taɓa rim a ƙasa, a juya sandar zuwa sama a duba bambanci, sannan baya, sannan gaba idan firam ya bari. Kowane awo a yi shi a wuri ɗaya na rim, a riƙa juyo bawul yana bin sandar, don idan rim ɗin kansa yana da rawa kada ta shiga lissafi.

A nan ne masu ƙaramin keke ke cutuwa ko da a hannun mai ma'auni. A babbar ƙafa makanikai sukan bar bambancin da bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba tsakanin sama da ƙasa. Amma karkatar da ke nuna milimita 4 a rim mai 622, a rim mai 406 milimita 2 da rabi za ta nuna, a mai inci 16 kuwa wajen 2. Karkatar ɗaya ce, illarta ga sarƙa ɗaya ce, sandar awon ce ta gajarta. Wanda ya auna keke mai inci 20 ya ga milimita 4 ya ce ya yi, ya bar karkatar da a babban keke ta haura 6. Ni a ƙaramar ƙafa ba na tashi sai bambancin ya dawo milimita 2 ko ƙasa. Idan madogarar kariyar ɗaukar kaya ko ƙarfen madigadi ya tare sandar, a cire su na ɗan lokaci, kada a tsallake wancan gefen.

Idan an auna kunne ya fito daidai, aka mayar da macanji har yanzu 'yan tayoyin ba su jeru ba, to yanzu ne laifi ya tabbata a kan macanjin. Kama 'yar tayar ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan ba komai ba ne, a macanjin kamfanin Shimano da yawa ma da gangan aka bar wa 'yar tayar sama ɗan wasa. Amma idan gaba ɗayan jikin yana kaɗawa a gaɓoɓinsa, ya tsufa.

Wane gyara ga wane keke

Miƙewa ita ce ta fi arha, kuma dacewarta ta danganta da irin kunnen. Ɗauko maganaɗisu ka kai jikin firam: idan ya kama ƙarfe ne, idan bai kama ba yawanci alminiyam ne. Idan firam ɗin ƙarfe ne kuma kunnen a jikinsa yake, ba wata tantama, a miƙe shi. Ƙarfe yana jure lanƙwasa da miƙewa sau da dama. Da sandar ma'auni ko ƙafar aro ake yi, ko da sufana mai buɗewa da aka matse a fuskar kunnen, a ja kaɗan, a auna, a sake ja kaɗan. Ba a sa guduma, ba a kuma kama jikin macanji a fizgo, don gaɓoɓinsa sun fi kunnen rauni, su za su fara buɗewa.

Firam ɗin alminiyam kan zo da kunne na dabam wanda aka ɗaure da ɗan noti ɗaya ko biyu. Da gangan aka yi shi mai laushi don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam. Idan karkatar kaɗan ce kuma ba a taɓa miƙe shi ba, a miƙe a hankali sau ɗaya. Idan ya sunkuya sosai, ko an taɓa yi, ko ka ga wani farin layi ko tsaga a gindinsa, a sauya. Alminiyam ba ya gargaɗi, karyewa yake yi, kuma ranar da ya karye kana tafiya macanji zai bi sarƙa ya naɗe cikin ƙafa, asarar ta haɗa da wayoyi da sarƙa, wani lokaci har rim. Wahalar wannan hanya samun kayan ne. Siffofin kunne sun kai ɗaruruwa, kowane kamfani da nasa, keken gwanjo kuma ba ya zuwa da takarda. Ka cire tsohon ka tafi da shi a aljihu, ko Babbar Kasuwa za ka ko aike za ka yi Kano, a aza shi kan sabon a ga ramuka da gindin sun hau. Wanda ya kusa dacewa bai dace ba. Idan ka samu, sayi biyu. Sabon ma a auna shi bayan an ɗaura, don gindin da yake zama a kai yana iya zama da 'yar karkata.

Akwai iri na uku, wanda ya yawaita a mafi arhar kekunan: firam ba shi da kunne sam, macanjin ne ke zuwa da wani farantin ƙarfe mai ƙugiya da ake cusawa ƙarƙashin notin shaf. A nan sau da yawa ba abin da ya lanƙwashe, farantin ne ya goce lokacin da aka cire ƙafa. A tabbata ya zauna cikin tsagar, ɗan notin da ke riƙe shi ta baya yana nan. Idan ya karkace, ƙarfe ne, yana miƙuwa.

Sauya macanji ya wajaba ne idan gaɓoɓi sun saki ko wutsiya ta murɗe sosai. Wutsiyar ƙarfe mai 'yar karkata tana gyaruwa, amma da wuya ta koma daidai yadda giya 8 ko 9 ke so. In dai za a kashe kuɗin, kada a sake sayen mai doguwar wutsiya. Aikin wutsiya shi ne haɗiye rarar sarƙa, kuma keke mai faifan gaba ɗaya rararsa kaɗan ce: firiwil mai haƙora 14 zuwa 28 bambancin haƙora 14 ne kawai, wanda gajeriyar wutsiya ke ɗauka ba wahala. Shimano tana yi wa gajeriya alamar SS, matsakaiciya GS, doguwa SGS. Gajeriya tana ɗaga 'yar tayar ƙasa daga yashi da duwatsu, tana kuma nisanta ta daga gefen taya, wanda doguwa kan goga a ƙaramar ƙafa mai faffaɗar taya. Abu biyu za a duba. Idan babban faifanka mai haƙora 34 ne, irin wanda ake rubuta wa MegaRange, ba kowane gajeren macanji ke iya hawansa ba. Sannan liba da macanji su zama 'yan gida ɗaya: yawancin macanjan Shimano na giya 6 zuwa 9 suna aiki da libar juna, amma libar kamfanin SRAM ta ainihi tana jan waya da wani awo dabam. Wannan hanya ita na fi so ga wanda ke hawa kullum kuma yana ninke keken, amma fa sai bayan an daidaita kunne.

Rabuwa da giyar waje kuwa ba koma baya ba ne. Katsina gari ne shimfiɗaɗɗe, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga ba wani hawan da zai gagari giya ɗaya. Faifan gaba mai 48 da firiwil mai 16 a ƙafa inci 20 yana ba ka wajen mita 4.7 a kowane zagayen feda, mai 52 ya ba ka mita 5 da 'yan kai. Ga keken yaro da za a riƙa yarwa a ƙofar makaranta ta kowane ɓari, wannan ya fi komai kwanciyar hankali. Idan tsagar firam a kwance take, ja ƙafa baya kawai za a yi sarƙa ta ɗaure. Idan a tsaye take, dole a bar wani abu mai jan sarƙa, kuma shi ma a kunnen zai rataya, don haka ribar ta ragu. Giyar cikin hob, wato cibiyar ƙafar baya, irin mai uku ta Sturmey-Archer da tsofaffin Raleigh suka zo da ita ko Nexus ta Shimano, ita ce ta fi dacewa da ƙaramar ƙafa a ƙasa mai ƙura, don komai a rufe yake, ba abin da ke ratayowa. Amma mayar da keken da ke hannu zuwa gare ta aiki ne babba: sai an sake saƙa ƙafa da gajerun wayoyi, ramukan rim da na hob su zo ɗaya, faɗin firam ya dace, kayan gyaranta kuma ba a ko'ina suke ba. Shawara ce ta ranar saye. Idan ka tarar da kekuna biyu a gaban dillali, ɗaya mai giya 6 a waje ɗaya mai 3 a cikin hob, kuma zirga-zirgarka cikin gari ce, ɗauki mai ukun.

Duk hanyar da aka bi cikin ukun farko, a sake saita notocin iyaka, wato 'yan notocin nan biyu na bayan macanji, don wanda ya murɗa su lokacin da kunne ke karkace ya bar su a inda bai kamata ba. Mai alamar H yana tsare sarƙa kada ta faɗa waje bayan ƙaramin faifai, mai alamar L yana tsare ta kada ta zarce babban faifai. Saita H tukuna, waya a kwance, har 'yar tayar sama ta tsaya ƙarƙashin ƙaramin faifai. Ɗaure waya, daidaita tsakiyar da notin yatsu. Sannan ka hau babban faifai, kana juya feda da hannu, ka tura jikin macanji ciki da babban yatsa iya ƙarfinka. Idan sarƙa ta haura faifan ko wutsiya ta taɓa wayoyin ƙafa ko gefen taya, ƙara ɗaure L da kwata-kwatan zagaye har ya daina. Bayan nan ninke keken, buɗe shi, ka sake bin giyoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya mai gyara.